Waƙar Kwanukan Jere

Matata ta tafi gidansu haihuwa da akwati ɗaya da magana ɗaya. Akwatin ni na ɗora mata a bayan tasi. Maganar kuwa a ƙofar gida ta ajiye mini ita, tana gyara mayafi, ko kallona ba ta yi ba.

"Malam, shekara biyu da aurenmu, ban taɓa jin ka ce kana sona ba. Sunana ma ba ka taɓa kira ba. Kullum ke, ke, sai ka ce ba a yanka mini rago ba. In na gama wanka zan zauna in yi tunani."

Na ce Allah ya kiyaye hanya. Abin da ya zo bakina ke nan, kuma addu'a ce mai kyau, ban ga laifinta ba. Sai da tasin ya sha kwana na gane ba ita ake jira ba.

Gidan su matata a Kusiri yake, ƙetaren ruwa, ɓangaren Kamaru. Daga unguwarmu Marjandafak a Injamena in ka fita bayan karin kumallo, ka hau gada, kafin azahar ka je ka dawo. Ba mu taɓa ɗaukarsa wata ƙasa ba, unguwa ce da ruwa ya raba mu. Ina cikin shirin bin bayanta da kayan barka sai cutar korona ta iso Injamena, aka rufe gadar. Aka rufe masallatai, aka rufe makarantu, aka ce a kasuwa masu kayan abinci kaɗai za su buɗe. Ni kuma abin da nake sayarwa a kasuwar Dembe ba a cinsa. Mai tura waƙa ne ni. Ina da tebur da laima da tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, ka kawo katin wayarka in cika maka shi da waƙoƙin Hausa, na Sudan, na Kongo, da wa'azi a ƙarshe in kana so ka wanke kunnenka. Na naɗe laimata na dawo gida na zauna.

Ya kamata in faɗi irin gidan da na fito, don kada a ce taurin zuciya gare ni. Kakan babana ya taso daga ƙasar Kano da ƙafa za shi Makka. Ya iso bakin kogin nan ya ce bari ya ɗan huta. Har yau muna hutawa. Mu ba mutanen gaggawa ba ne, a tafiya ko a magana. Babana ya zauna da mahaifiyata har ƙasa ta raba su, ban taɓa jin ya kira sunanta ba, kuma ranar da ta rasu kwana uku ya yi bai sa ko ruwa a bakinsa ba. Ni a nan na koyi yadda ake son mace. Matata kuwa a gidansu babansu har wasa yake da 'ya'yansa mata, a ci abinci ana dariya. Mutanen kirki ne, amma ba su da tsari.

Ta haihu lafiya, namiji. A waya aka faɗa mini, a waya aka yi mini suna, kawunta ne ya tsaya a madadina aka yanka rago. Kullum da hantsi ina kiranta, don layinmu na Chadi yana kamawa a gidansu in an tsaya kusa da randa. Sai in tambayi lafiyar Inna, wato surukata, in tambayi ta Baba, ta ƙannenta, ta maƙwabta, har ta akuyar gidan da ta yi ɗingishi. Yaron ne kawai ba na tambaya, saboda ɗan fari ne, mutum ba ya buɗe baki a gaban surukai yana tambayar ɗan farinsa. Sai in ce, "Ya sauran mutanen gidan?" Ta ce, "Sauran mutanen gidan suna barci." In ce to, sai anjima.

Da ta yi arba'in na ce mata, "To, sai a buɗe gada ke nan."

Ta ce, "Gada dai tana da nata lokacin. Ni ma ina da nawa."

Da can ina lallashin kaina cewa gwamnati ce ta riƙe mini mata. Yanzu na gane ko gobe aka buɗe gadar nan, ba lalle ne ta hau ba. Na ji tsoro, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum gama shayinsa.

A gidan daga ni sai Goggo, ƙanwar babana, wadda ke zaune a ɗakin da ke kusa da zaure tun da mijinta ya rasu. Ita ke dafa mana abinci, ita ke kuma gaya mini laifuffukana kyauta. Ban gaya mata komai ba. Na shiga ɗakin matata na zauna a bakin gado, na ce tunda bakina ya ƙi, bari in yi abin da na iya. Shekara da shekaru ina tura wa mutane waƙoƙin soyayya, na san inda ake sa kuka, na san inda ake sa ganga. A cikin ordinatar ɗina akwai wata manhajar haɗa kiɗa da wani ɗan Kamaru ya taɓa zuba mini, ban taɓa buɗe ta ba. Na buɗe. Komai nata da Turancin Ingila ne, ni kuwa Faransancin ma da ƙyar muka rabu lafiya. Na dinga danna abubuwa ina jin abin da za su yi.

Kiɗan da ke cikinta bai yi mini ba. Duk irin wanda ake ji a gidan biki ne, kowa ya san shi. Ni so nake in ta ji, ta san daga gidanta ya fito. Sai na ɗauki waya na fara naɗar ƙarar gidan. Ƙyauren ɗakinta da yake kuka in an tura shi. Ɗigar famfo a cikin bokiti. Keken ɗinkinta, na taka shi ba zare. Na sa tsakin gero a turminta na yi daka, Goggo ta leƙo ta daɗe tana kallona, ta ce, "La ilaha illallahu," ta koma ɗaki.

Duk da haka babu abin da zai ɗauki waƙar, babu zaƙi. Ina zaune ina tunani sai idona ya faɗa kan dulab ɗinta, kabad ɗin nan mai gilashi da ya cinye bango guda. A ciki jerenta yake. Kwanukan samira masu furanni, manya a ƙasa, ƙanana a sama, kowanne da murfinsa, an ɗora su hawa hawa har kusa da rufi. Tun ranar da gwaggwanninta suka zo suka jera su kafin a kawo amarya, ba a taɓa zuba ko gishiri a ciki ba. Ita kaɗai ke buɗe dulab ɗin ranar Juma'a ta goge su da tsumma. Na buɗe, na ƙwanƙwasa ɗaya da cokalin shayi. Wallahi wani sauti ya fito, siriri, mai tsawo, ya zaga ɗakin kafin ya mutu. Na ƙwanƙwasa na ƙasa da shi, ya ba ni wata muryar daban. Ashe shekara biyu ina kwana kusa da kayan kiɗa ban sani ba.

Na sauke su duka. Na baje su a tabarma daga babba zuwa ƙarami, na zuba wa wasu ruwa don muryarsu ta sauka. Kwana tara na yi a kansu. Wuta in ta zo da safe in yi aiki, in ta ɗauke in kwanta a siminti ina fifita da murfin kwali, don zafin lokacin nan ko ƙadangare ba ya fitowa. A kwana na huɗu na bugi wani matsakaici da ƙarfi, fentin bakinsa ya ɓantare kamar farce. Na juya wurin ya kalli bango. Sautinsa ya koma wani gwangwarangwam mai kaushi, kuma abin haushin, ya fi duk sauran daɗi, sai na sa shi a farkon waƙar.

Saura murya. Na rufe ƙofa da taga, na leƙa na tabbatar Goggo tana sallar walaha, na kawo wayar kusa da bakina na rera layi biyu. Na ce ina sonta, na ce ta dawo, na kira sunanta. Da na kunna na ji, gumi ya karyo mini. Muryata ce tsirara, ga ta nan kowa zai gane ni. Sai na shiga manhajar na ja muryar sama har ta koma ta yarinya. Har yanzu ana jin kalmomin. Na yayyanka su gunduwa gunduwa na warwatsa. Na sa musu amsa kuwwa kamar daga cikin rijiya. Sunan nata kuwa na juya shi baya, ya zama ana farawa daga ƙarshe. Da na gama, ko ni da na faɗi maganar ba zan iya rantsuwa ga abin da aka ce ba. Hankalina ya kwanta. Na faɗa mata komai, kuma ba wanda zai kama ni.

Na kunna wa Goggo a ƙaramar lasifika a tsakar gida. Ta saurara har ƙarshe, minti shida, hannunta a haɓa. Ta ce, "Wannan na masu iska ne?" Na ce waƙar zamani ce. Ta ce, "To wane ne ake shaƙewa a ciki?" Na ce ni ne. Ta ce Allah ya ba ni lafiya, kuma da la'asar na ji ƙanshin hayaƙin magani yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofata.

Intanet a lokacin ba ta da ƙarfin ɗaukar minti shida zuwa ƙetaren ruwa. Na zuba waƙar a kati, sana'ata ce dama, na naɗe a takarda. Akwai wata mai sayar da busasshen kifi a bakin layinmu wadda kifinta bai taɓa yankewa ba duk da rufe gada. Ban tambaye ta hanyarta ba, ita ma ba ta tambaye ni abin da ke cikin takardar ba. Ta soke shi a ɗankwali ta ce jibi zai isa.

Abin da ban lissafa ba, wayar matata ba ta cin kati. Abin da ke cin kati a gidansu rediyon Inna ne, mai ƙarar da ake ji har layi na biyu. Daga baya matata ta ba ni labarin yadda aka yi. An zauna a inuwar tsakar gida ana tsinkar zogale, da Inna, da yayar Inna, da maƙwabta mata biyu. Aka ce saƙo daga Injamena, aka zaci karatu ne ko gaisuwa. Aka kunna. Ƙyaure ya yi kuka, famfo ya ɗiga, sai gwangwarangwam. Inna ta ajiye zogalen. Ta ce a mayar baya. Aka mayar. Ta ce, "Wannan samira ce. Mai jan furen nan ce ta hawa na uku, kuma an fasa mata baki."

Ita ta sayi kwanukan nan, ɗaya bayan ɗaya, tun matata tana da shekara bakwai. Kowanne sai da ta ƙwanƙwasa shi a kasuwa ta kara a kunne kafin ta biya. Ta zauna ta saurari waƙata tana kiran su da hawa hawa, ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Da aka gama ta ce, "Duka suna ƙasa. Ya sauke jere." Yayar Inna ta fara salati.

Ni namiji ne, na san ana yin jere, amma ban taɓa zama na yi tunanin yaushe ake sauke shi ba. Ba a sauke jeren mace sai in za a tashi daga gida, ko in aure ya mutu danginta sun zo kwashe kaya. Ni kuwa na sauke, na bubbuga, na naɗa, na biya mai kifi ta kai wa surukata don ta ji da kunnenta. Rashin sani ya fi dare duhu.

Washegari da hantsi ina wanke kofin shayi wayata ta yi ƙara. Wannan ne karo na farko da ita ta kira ni tun tafiyarta. Ba ta yi sallama mai tsawo ba.

"Malam, ka sauke mini jere?"

"Na sauke."

"Duka?"

"Duka. Amma na sa tabarma."

Ina jin numfashin mutane da yawa a bayanta, na gane an buɗe lasifikar wayar, gidan duka yana ji. Muryarta ta sauka ƙasa ƙasa.

"To ba sai ka aiko da kiɗa ba. Da takarda ka ba mai kifin, ai ta fi sauƙin ɗauka. In an buɗe gada su Inna za su zo su kwashe."

Kofin ya suɓuce mini ya faɗa cikin bokiti. Goggo tana zaune a ƙofar ɗakinta tana yankan kuɓewa, ta ji komai, don wayata ma ba ta iya sirri ba. Ta tashi da wuƙar a hannu, ta tura ƙyauren ɗakin matata, ta ga dulab wayam, ta ga kwanuka a baje. Tun da na fara aikin ba ta shiga ɗakin ba. Ta juyo ta dube ni, ta ce, "Kai, ɗan nan, uban wa ya aike ka?"

Na ce a waya, "Ba haka ba ne. Waƙa ce. Akwai magana a ciki."

Matata ta ce, "Na ji ƙyaurena. Na ji famfo, har yanzu ba ka gyara shi ba. Na ji turmina, kuma na san kai ne, don babu macen da za ta yi daka haka. Na ji kwanukana ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani aljani kuma da yake kuka a rijiya. Kai ne kawai ban ji ba."

"Aljanin ni ne."

"To me yake cewa?"

Na dubi Goggo. Goggo ta dube ni, ba ta da niyyar matsawa ko taku ɗaya. A can ƙetare na ji tarin surukina, wato shi ma yana wurin, mutumin da ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba. Na ce ko za ta ɗan matsa gefe da wayar. Ta ce in ta bar gindin randa layi zai yanke, kuma gaskiya ta faɗa. Goggo ta nuna ni da wuƙar kuɓewa ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Buɗe baki."

Na buɗe. Na kira sunanta, sunan da aka yanka mata rago, daga farkonsa zuwa ƙarshe ba a juye ba. Ya fito mini wani iri, kamar takalmin da ba a taɓa sawa ba. Na ce ina sonta. Na ce tun da ta tafi ban gama kofin shayi ɗaya ba. Na ce kwanukan na sauke su ne don su ne abin da ya rage a gidan mai muryarta. Tunda kuma bango ya riga ya faɗi, na ƙara da cewa, "Yaron fa? Yana cin abinci? Wa yake kama?"

Wata daga cikin maƙwabta ta rangaɗa guɗa. Na ji surukina yana cewa bari ya je ya duba akuya. Goggo ta koma kan kujerarta ta ci gaba da yanka, tana share ido da gefen zane, tana cewa kuɓewar bana yaji gare ta. Ni kuwa ina tsaye a rana, kunya kamar ƙasa ta tsage, amma ƙirjina ya yi sauƙin da bai taɓa yi ba tun ina yaro.

Matata ta bari guɗar ta lafa. Sannan ta ce, "Ɗan wata biyu ba ya cin abinci, Malam. Kuma kai yake kama, ba ya magana." Ta ja hanci. "Kada ka mayar da kwanukan. Ba ka san yadda suke ba, za ka ƙara ɓata su. Ka rufe su da zane ka bar mini."

Ba ta jira gada ba. Bayan mako biyu, da rana tsaka, mai kifi ta yi sallama a zaure, matata na bayanta da goyo, gefen zanenta a jiƙe har gwiwa, duk suna ƙarnin kifi. Na yi mata faɗa a kan hatsarin da ta shiga da jariri, ta ce in riƙe shi ta sha ruwa. Na riƙe. A gaban Goggo na riƙe shi, na kuma daɗe ina kallonsa, Goggo ta yi kamar ba ta gani ba.

Da la'asar ta ɗage zanen ta mayar da jerenta ita kaɗai, ta hana ni miƙo mata ko murfi. Mai jan furen da na ɓantare ne kawai ba ta mayar ba. Ta juya shi a hannu ta ce wannan ya tashi daga ado, ta kai shi madafa. Gurbinsa yana nan a hawa na uku har yau, duk matar da ta shigo ɗakin sai ta tambaya, ita kuma sai ta ce a tambayi mawaƙi.

Waƙar tana nan a katin, a rediyon Inna. An ce in yara sun dame ta da rana ita take kunna musu su watse. Ban sake yin wata ba.

A cikin kwanon nan ake zuba mini tuwo yanzu. In abinci ya sauka ba ta aiko kowa, ba ta kuma kira na. Sai ta ɗauki cokali ta bugi bakinsa sau ɗaya, gwangwarangwam, ta tsaya tana jira. In na ce "Ke, ina zuwa," tuwon zai huce a madafa. Sai na amsa da sunanta take ɗauko shi.